Tsohuwar Kwamfutar Wasa: A Ƙara Mata Ƙarfi Ko A Sayi Sabuwa?

A gidaje da dama na ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, daga Gwarinpa zuwa Kubwa, daga Lugbe zuwa Karu da Nyanya, akwai kwamfutar tebur da aka saya ko aka haɗa tsakanin 2016 da 2020, lokacin da dala ba ta kai Naira 500 ba a farashin gwamnati. Da rana yara na yin aikin makaranta a kanta, da yamma su buga ƙwallo ko tseren mota, da dare kuma maigida ko uwargida su ƙarasa takardar ofis da ba ta kammalu ba, in an samu sarari a ɗan taɓa wasan kafin barci. Ta yi aiki, ta kuma biya kuɗinta. Sai dai tsufa ya fara bayyana. Fankarta na gurnani kamar injin markaɗe, hoto na tsayawa cak a daidai lokacin da ɗan wasa zai buga fenariti, wani sabon wasan ma ko buɗewa ba ya yi.

A nan ne gardama kan tashi. Yaran gida za su ce a sayi sabuwa, mai shago ma haka zai ce, domin kasuwarsa ke nan. Mai biyan kuɗin kuwa, wanda albashinsa ke jiran kuɗin haya da na makaranta, zai so a ce wani ɗan gyara zai wadatar. Kowane ɓangare na iya yin gaskiya, ya danganta da abin da ke cikin akwatin. Shekarun kwamfuta kaɗai ba sa yanke wannan hukunci. Abubuwa biyu ne ke yanke shi: wane sashe ne ya gaza, sannan ko babban allon da ya riƙe sauran sassan yana da sauran gaba ko ya zo ƙarshen hanya.

Abin da ya sa tambayar ta yi zafi yanzu

A da, tsohuwar kwamfuta kan yi nauyi ne kawai, mai ita ya rage kyan hoto ya ci gaba da wasansa. Shekarar 2025 ta sauya wannan, domin ƙofofi da dama sun rufe kusan lokaci guda.

Ta farko ita ce manhajar Windows 10. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi na toshe kafofin tsaro ga masu amfani na gida, amma shi ma iyakarsa 13 ga Oktoba, 2026. Magajiyarta, Windows 11, ba ta karɓar kowace kwamfuta. Tana buƙatar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma buƙatar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko ta AMD daga jerin Ryzen 2000 zuwa sama, ban da 'yan tsirarun da aka keɓe. Kwamfutar da ta kasa cika wannan sharaɗi za ta ci gaba da kunnuwa, amma duk wata sabuwar kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikinta, ba mai toshe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta biyu ta shafi katin hoto, sashen da ke zana duk abin da ido ke gani a wasa. Katin GTX 1060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2016, ya shafe shekaru yana kan gaba a ƙididdigar kayan aikin da dandalin wasanni na Steam ke fitarwa kowane wata, kuma har yau yana cikin kwamfutoci masu yawa. A Oktoban 2025 Nvidia ya daina fitar wa wannan jeri na GTX 10 da na GTX 900 manhajar da ke daidaita su da sababbin wasanni, ya bar musu gyaran tsaro kawai har zuwa 2028.

Ta uku daga masu ƙirƙirar wasannin ta fito. Indiana Jones and the Great Circle, wanda ya fito a Disambar 2024, da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025, ba sa tashi sai a katin da aka gina masa fasahar bin sawun haske a jikinsa, abin da jerin GTX 10 ba shi da shi. Battlefield 6 da Call of Duty: Black Ops 7 kuwa sun wajabta kunna tsarin tsaro na Secure Boot domin daƙile masu maguɗi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ga kuma aljihu. Kafin a saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, dala na wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Sassan kwamfuta duka daga waje ake shigo da su, da dala kuma ake ƙayyade farashinsu. Katin RTX 5060, wanda ake ɗauka na masu ƙaramin ƙarfi ne a Amurka, ya fito a kan dala 299. Idan aka ɗauki dala a Naira 1,500 don sauƙin lissafi, kuɗin ya kusa Naira 450,000 kafin a sa kuɗin jirgi, na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wannan ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 na wata shida, a kan sashe guda. Daga ƙarshen 2025 kuma farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. Kuskure a irin wannan ciniki ba ƙaramar asara ba ce.

A fara gano cutar kafin a sayi magani

Mai mota ba ya saukar da inji don kawai motar ta fara jijjiga. Yakan duba fulogi da matatar mai tukuna. Haka ya kamata a yi wa kwamfuta, musamman a Abuja, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, zafin Maris da Afrilu kuma ya biyo baya. Ƙura kan toshe fanka da ƙarfen da ke janye zafi, man da ke tsakanin furosesa da wannan ƙarfe kuma kan bushe bayan 'yan shekaru. Furosesa na kare kanta: da zarar zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyos, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai kallo daga waje zai ce tsufa ne, alhali numfashi ne ya toshe. Busa ƙura da sauya man kan dawo da ƙarfin da ya ɓace, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Abu na biyu da ya kamata a cire daga zargi shi ne intanet. Idan wasa na tafiya sumul lokacin da mutum ke bugawa shi kaɗai, amma ya riƙa tsalle-tsalle idan ana karawa da wasu ta intanet, laifin na layi ne. Yawancin rumbunan da ke ɗaukar nauyin waɗannan wasanni a Turai suke ko Afirka ta Kudu, saƙo kuma sai ya je ya dawo. Babu katin hoton da zai rage wannan nisa. Haɗa kwamfuta da na'urar intanet ta waya maimakon ta iska ya fi amfani a nan.

Idan an kawar da waɗannan biyu, sai a auna. Manhajar Task Manager da ke cikin Windows, ko MSI Afterburner da HWiNFO waɗanda ake samu kyauta, na nuna yadda kowane sashe ke shan aiki yayin da wasa ke gudana. Karatun ba shi da wuya. Idan katin hoto na aiki kusan kashi 100 cikin 100, furosesa kuma na hutawa, katin ne ya gaza. Idan katin na zaune a rabin ƙarfinsa amma hoto na karkarwa, furosesa ce ba ta iya ba shi aiki da sauri. Idan RAM ta cika maƙil, ita ce matsalar. Idan kuwa wasa na daɗewa kafin ya buɗe, amma da ya buɗe sai ya tafi daidai, faifan ajiya ne. Akwai wata dabara mai sauƙi kuma: a rage kaifin hoto zuwa ƙasa sosai. In wasan ya sake ya yi gudu, katin hoto ne cikas. In bai canja ba, a dubi furosesa.

Wannan gwaji na rabin sa'a shi ne ya kamata a riƙe a hannu kafin a nufi Banex Plaza da ke Wuse 2 ko a kira wani a Computer Village ta Ikeja. Wanda ya je kasuwa bai san abin da ke damun kwamfutarsa ba, abin da ke kan kanta za a sayar masa.

Babban allo shi ne alƙali

Duk sassan kwamfuta a kan babban allo ake dasa su, wanda masu gyara ke kira madabod. A tsakiyarsa akwai gurbin da furosesa ke zama, kowane gurbi kuma da irin furosesar da yake karɓa. Allon ne kuma ke ƙayyade irin RAM da za a sa, DDR4 ko DDR5, domin ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Saboda haka kwamfutoci biyu da aka saya a shekara guda, a kan kuɗi kusan ɗaya, na iya samun makoma daban.

A ɗauki waɗanda aka haɗa a 2017. Wadda aka gina a kan furosesar Ryzen ta farko tana kan gurbin AM4 na AMD, gurbin da ya yi tsawon rai fiye da yadda aka saba gani. A 2022 AMD ya buɗe wa tsofaffin alluna irin su B350 da A320 damar karɓar jerin Ryzen 5000, bayan an sabunta manhajar allon, wato BIOS. Ma'ana, mai irin wannan kwamfuta na iya cire Ryzen 5 1600 ya dasa Ryzen 5 5600, ko Ryzen 7 5700X3D da aka ƙera musamman don wasanni in ya same ta, ba tare da ya taɓa allo ko RAM ba. Da wannan sauyi guda ya samu ƙarin gudu mai yawa, ya kuma cika sharaɗin Windows 11, domin na'urar TPM tana cikin furosesar, kunna ta kawai ake yi a BIOS. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin lura shi ne a duba shafin kamfanin da ya ƙera allon a tabbatar samfurin yana cikin waɗanda suka samu wannan dama, a kuma yi sabuntawar da batirin ko-ta-kwana a haɗe. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe allon gaba ɗaya, garin neman gira a rasa ido.

Wadda aka gina a kan Intel zubi na shida ko na bakwai kuwa, labarinta daban ne. Mafi ƙarfin abin da allonta ke karɓa shi ne Core i7-7700K, mai ƙwayoyi huɗu kacal, wadda ita ma ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Zubi na takwas da na tara sun yi kama da ita a gurbi, amma ba sa aiki sai a kan sabon allo. Duk kuɗin da aka zuba wajen sauya furosesa a irin wannan kwamfuta, an zuba shi ne a gidan da wa'adin hayarsa ya ƙare.

Masu Intel zubi na takwas zuwa na goma sha ɗaya na tsaka-tsaki: Windows 11 ta karɓe su, kuma in furosesar na da ƙwayoyi shida ko fiye, za ta iya jan matsakaicin katin hoto na zamani. Masu zubi na 12 zuwa na 14, a kan gurbin LGA1700, ba su da dalilin tunanin sabuwar kwamfuta tukuna.

Akwai wani rukuni da ya yawaita a Najeriya: kwamfutocin ofis na HP da Dell da aka shigo da su gwanjo, aka maƙala musu katin hoto aka mayar da su na wasa. Akwatinsu kan kasance matsattse, na'urar rarraba wutarsu ƙarama ce, sau da yawa kuma mahaɗanta na kamfanin ne shi kaɗai, ba a iya musanya ta da ta kasuwa. Iyakar abin da za su ɗauka shi ne katin da ya wadatu da wat 75 da ramin allo ke bayarwa, irin su GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6. Bayan wannan babu sauran tsani.

Katin hoto, inda kuɗin yake

Idan allo da furosesa na da sauran rai, sauya katin hoto ne ke kawo bambancin da ido zai gani nan take. Ramin da ake dasa shi bai sauya siffa ba tsawon shekaru, don haka sabon kati na shiga tsohon allo. Sai dai a yi la'akari da abubuwa uku.

Na farko, allon kallo. Mai sikirin 1080p da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba zai ga fiye da hotuna 60 ba ko da katin na zana 200. Sikirin 4K kuwa ɗigon hotonsa ya ninka na 1080p sau huɗu, aikin kati ma haka yake ƙaruwa. Sayen kati mai tsada a haɗa shi da tsohon sikirin kamar sa wa jaki sirdin doki ne.

Na biyu, ma'adanar da ke jikin katin. Wasannin zamani na cin ta sosai, gigabait 8 kuma ya fara zama matsattse ga wasunsu idan aka ɗaga kyan hoto. RTX 4060 da RTX 5060 duka 8 gare su. Tsohon RTX 3060 na 2021 na da 12, haka ma Arc B580 na Intel da ya fito a Disambar 2024 a kan dala 249, yayin da RX 9060 XT na AMD ke da samfuri mai 16 da ya fito a kan dala 349. Wanda ke son katin ya kai shi shekaru huɗu ko biyar, wannan adadi ya fi sunan kamfani muhimmanci. Katin Intel ɗin dai na da sharaɗi: ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai a allon da ke da tsarin Resizable BAR, wanda alluna da yawa na da can ba su da shi.

Na uku, daidaito. Kati mai ƙarfi a kan furosesa mai rauni zai zauna ne yana jira. An biya kuɗin ƙarfin da ba a mora ba.

Ƙananan sauye-sauye masu babban amfani

Kwamfutar da har yanzu Windows ɗinta ke kan tsohon faifai mai juyawa, sauya shi da SSD ne gyaran farko, kafin a yi zancen komai. Tsohon faifan na karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD na SATA na kaiwa wajen 550. Na NVMe kuma, in allo na da raminsa, na kaiwa 3,500 ko fiye. SSD ba ya ƙara yawan hotuna a wasa, amma yana kawar da jiran da ke sa mutum ya tsani kwamfutarsa, wasu wasannin kuma, kamar Starfield na 2023, sun sanya shi cikin sharuɗɗansu.

RAM ma haka. Gigabait 8 ya yi kaɗan ga wasannin yau, 16 ne matakin da ake samun kwanciyar hankali. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin furosesa na ɗiba daga hanyoyi biyu lokaci guda. Tsadar da RAM ta yi ta ƙara wa tsohuwar kwamfuta daraja ta wata fuska: wanda ya riga ya mallaki DDR4 mai gigabait 16 ko 32, ya riƙe kadara. Komawa sabon gurbin AM5 na AMD ko na Core Ultra na Intel na nufin ajiye ta a sayi DDR5 a lokacin da farashinta ya fi zafi.

Lissafin wuta

Na'urar rarraba wuta da ke cikin akwati ita ce sashen da aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi shan wuya a ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wani lokaci da ƙarfi fiye da kima, ga sauyawa tsakanin layin kamfani, janareta da inbata. Idan ta mutu takan tafi da wasu sassan. Wadda ta shekara bakwai ko takwas tana aiki, ko wadda ba a san kamfanin da ya ƙera ta ba, bai kamata a ɗora mata sabon katin dubban ɗaruruwan Naira ba. Sauya ta da mai shaidar 80 Plus daga sanannen kamfani wani ɓangare ne na kuɗin gyaran, a sa shi a lissafi tun farko.

Kuɗin wutar ma abin dubawa ne. A Afrilun 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin Band A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit, daga baya aka sassauta shi zuwa wajen Naira 209. Unguwanni da dama a Abuja na cikin wannan rukuni. Kwamfutar da ke jan wat 400, ana wasa da ita sa'a uku kullum, za ta ci yunit 36 a wata, kimanin Naira 7,500. Wadda ke jan wat 250 za ta ci ƙasa da Naira 5,000. A nan sababbin katuna matsakaita na da fifiko: GTX 1060 na jan wat 120, RTX 4060 kuwa 115, duk da cewa ƙarfinsa ya ninka na wancan. Manyan katuna kuma wani labari ne daban, domin RTX 5090 shi kaɗai na iya jan wat 575, abin da zai durƙusar da ƙaramar inbatar gida cikin ɗan lokaci.

Kayan gwanjo

Ga mafi yawan masu albashi, kasuwar kayan da aka yi amfani da su ce ke sa gyaran ya yiwu. Furosesa da RAM ba kasafai suke lalacewa ba, don haka sayen su gwanjo ba shi da haɗari sosai, matuƙar an gwada. Katin hoto na buƙatar ƙarin taka-tsantsan. Bayan tsarin Ethereum ya daina dogaro da haƙar kuɗin intanet a Satumbar 2022, katunan da suka shafe shekaru suna aiki dare da rana sun malalo kasuwannin duniya. Wasunsu lafiya lau suke, wasu fankarsu da ma'adanarsu sun gaji. Akwai kuma na jabu, tsofaffin katuna da aka sauya wa suna. Mai saye ya nemi a dasa katin a gabansa, a duba ainihin samfurinsa da manhajar GPU-Z, a kunna wasa mai nauyi na aƙalla minti 20 ana kallon zafinsa, a kuma rubuta masa rasit mai lambar katin da kwanakin garanti. Ɗan kasuwar da ya ƙi a gwada ya riga ya ba da amsa. Abubuwa biyu kuwa ba a sayen su gwanjo in da hali: na'urar rarraba wuta da faifan ajiya. Araha ba ta ado.

Lokacin da sabuwa ta zama dole

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne ƙirga sassan da za a sauya. Idan ɗaya ne ko biyu, kamar katin hoto da SSD, ko furosesa da RAM a kan allon da ke akwai, gyara ya fi. Idan kuwa sauya furosesa ya tilasta sauya allo, sauya allo ya tilasta sauya RAM, ga katin hoto ma ya tsufa, to sabuwar kwamfuta ake haɗawa ko da an kira abin gyara. Gara a san haka tun farko a tsara kuɗin, da a riƙa sayen faci ɗaya bayan ɗaya har kuɗin facin ya kai na riga. Idan jimillar gyaran ta haura rabin kuɗin sabuwa mai irin ƙarfin da ake nema, lissafin ya karkata ga sabuwa.

Ko a wannan hali ba komai ake zubarwa ba. Akwati, sikirin, madannai, SSD da na'urar wuta mai kyau duka na iya ƙaura zuwa sabuwar. Ana kuma iya raba sayayyar gida biyu: a fara da allo, furosesa da RAM, a ci gaba da tsohon kati har kuɗin sabo ya samu. Wannan ya fi cin bashin da za a riƙa cira daga albashi na tsawon watanni a kan kayan da darajarsu ke raguwa kullum.

Masu kwamfutar tafi-da-gidanka zaɓinsu ƙalilan ne, domin furosesa da katin hotonta a manne suke da allo. RAM da SSD kawai ake iya sauyawa, wasu ma RAM ɗin a manne take. Gidan da kuma duk wasansa bai wuce ƙwallon EA Sports FC ba, na iya gano cewa na'urar PlayStation ko Xbox ta fi arha, a bar tsohuwar kwamfuta ga karatu da rubutu.

Akwai wani nauyi da ya keɓanta ga ma'aikacin gwamnati da hadimin mai riƙe da muƙami. Kwamfutar gida sau da yawa na ɗauke da daftarin wasiƙu, jerin sunayen ma'aikata, bayanan taro da kalmomin sirrin shiga akwatin saƙon ofis. Barin irin waɗannan a kan Windows da ba ta samun gyaran tsaro, a kwamfutar da yara ke sauko da wasannin sata daga shafukan da ba a san asalinsu ba, ganganci ne, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 da ta ɗora alhakin kiyaye bayanan mutane a kan masu riƙe da su. Ga irin wannan gida, batun Windows 11 ya wuce zancen wasa. Haka kuma in za a sayar da tsohuwar ko a kyautar, goge fayil ko yi wa faifai fomat na gaggawa ba ya hana mai ƙwarewa dawo da abin da ke ciki. Mafi aminci shi ne a cire faifan a adana shi, a sayar da sauran.

Abin da ya rage ga mai yanke hukunci shi ne ya rubuta abubuwa huɗu a takarda kafin ya taɓa aljihu: sunan allonsa da furosesarsa, sashen da gwaji ya nuna ya gaza, wasannin da ake bugawa a gidan a zahiri, da iyakar abin da zai iya kashewa ba tare da ya taɓa kuɗin haya ba. Mai allon AM4 ko Intel daga zubi na takwas zuwa sama, mai yiwuwa sashe ɗaya ko biyu ne tsakaninsa da ƙarin shekaru uku ko huɗu na amfani. Wanda allonsa ya gaza wannan, ya daina zuba masa kuɗi, ya fara tara na sabuwa tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.